Baturen Fim da Sunan Ɗan Fari

Bara da damina wani bature ya sauka a gidana a Malumfashi, da akwatuna shida da mutum biyu masu riƙe masa fitilu. Sunansa Erki, sauran sunan ya fi ƙarfin bakina. Daga Finlan yake, ƙasar da ɗana na fari ya yi shekara goma sha huɗu yana tuƙa bas. Dije, 'yata ta uku, malamar firamare, ita ce tafinta. Ta ce mini shekararsa talatin yana shirya fim, duk a kan ma'aikata: masunta, masu sharar asibiti, masu gadin masana'anta. Ta nuna mini ɗaya a waya. Wani mutum ya shigo ɗaki ba sallama, ya zauna, matarsa ta ajiye masa shayi, suka zuba wa bango ido har na gama jan carbi. Na tambaya ko rasuwa aka yi musu. Dije ta ce a'a, zaman lafiya suke, kuma har lambar yabo aka ba shi a kan wannan.

Sabon fim ɗin nasa a kan baƙi huɗu ne masu tuƙa bas a birninsu, har da ɗan nawa, kuma labarin kowanne da uwarsa yake ƙarewa. Ya riga ya gama da uwaye uku a ƙasashe uku, saura ni. Abin da yake so bai da yawa, in ji shi: in dubi kyamara, in kira sunan yaron, in ce ina kewarsa. Mu kuwa a gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari. Uwata ba ta kira na yayana ba har ta koma ga Allah, ni ma shekara arba'in da shida ban kira na wancan ba. Ga matan unguwa sun cika tsakar gida, Hajiya Tasalla a gaba da kujerarta, ba don fim ba, don su ji ranar da bakina zai suɓuce.

Kwana biyu yana ɗaukata ina tsintar wake. Sau goma sha ɗaya na tsince tire guda, yana cewa a sake, wai haske ya gudu. Na yi ta tsincewa, baƙon ɗana ne. Rana ta uku, gobe jirginsa, ya durƙusa a gabana kamar yadda aka koya masa.

Dije ta ce, “Inna, ya ce sau ɗaya kawai. Idan ba ki faɗa ba fim ɗin ba shi da ƙarshe, aikin shekara uku ya tafi a banza.”

Na ce, “Gaya masa yaron nan yana nan lafiya, mun gode.”

“Wane yaro? Ya ce masu kallo ba za su gane ba.”

“Shi ɗin dai. Mai tuƙin.”

Hajiya Tasalla ta ce, “Faɗa mana, Yaya, ai ba mai ji sai duniya.” Matan suka ƙyalƙyale. Na dube su sau ɗaya, suka koma gyaran mayafi.

Baturen ya cire madubin idonsa ya goge, ya yi dogon bayani, wanda ya fi duk maganar da ke cikin fim ɗinsa. Dije ta ce, “Inna, ya ce su mutanen Finlan duniya ta san su da rashin magana, amma bai taɓa ganin irinki ba. Ya ce ko uwarsa, da ba ta haɗa kalma goma a wuni, da ya yi fim a kanta, sau bakwai ta kira sunansa, mutane suka yi ta kuka a gidan kallo. Ya ce ɗa yana bukatar ya ji sunansa a bakin uwarsa, in ba haka ba ta yaya zai san ana sonsa?”

Na ce, “Allah sarki. Tana raye?”

“Tana raye, shekararta tamanin da takwas.”

“A gidansa take?”

Ya ce a'a, tana wani gida mai kyau da ake ajiye tsofaffi, akwai masu kula da ita, akwai lambu, har da tafki a bayan taga.

“Yaushe rabonsa da ita?”

Dije ta tambaye shi. Ya ƙirga da yatsu, ya ce Kirsimetin bara waccan, aiki ne ya yi masa yawa.

Na jawo tiren wakena. Na ce, “Dije, gaya masa da kyau, kada ki rage. Tasa uwar sau bakwai ta kira sunansa a gaban duniya, bai je ba. Ni ban taɓa kiran nawa ba, ga shi har ya aiko bature ya durƙusa mini.”