Wayar Nomau da Gadon Iya Gaje

Wa ya tambaya? Ke ce, Hansatu? Ba ki wanke kwanon tuwonki ba kina neman labari. Kun iya latse-latsen waya, amma babu wanda ya san gabas a cikinku sai gilashi ya nuna masa. Ku matso, ba na maimaitawa.

Nomau maƙwabcinmu ne a Tungar Maje, gidansa ne na ƙarshe kafin gulbi. Su uku ne: shi, da matarsa Tabawa mai ƙuli-ƙuli, da tsohuwarsa Iya Gaje, wadda ƙafa ta daina ɗaukarta, bakin dai yana nan da ƙarfinsa. Kowace damina zancen gari ɗaya ne: ranar da gulbi ya ɓalle, wa zai fitar da Iya Gaje? Nomau ba mugu ba ne. Abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi, kuma wannan ya fi mugunta wahala.

Wata rana masu agajin ambaliya suka zo da wata waya mai jan maɓalli. Suka ce tana nuna musu wurin da mutum yake, a kan taswira, suna zaune a ofis. Mai unguwa ya ce a ba Nomau, tunda shi ruwa yake fara gaisarwa. Babban masu agajin ya ce, "Malam Nomau, duk inda wayar nan take, to nan kake." Washegari Nomau ya rataye ta a jikin marke a gona, ya dawo ya miƙe a zaure. Tabawa ta ce, "Malam, yau ba noma?" Ya ce, "Ina gona. In ba ki yarda ba, je ki tambayi gwamnati." Ciyawa ta cinye dawa yana gona.

Wata rana masu agajin suka dawo, suka ce, "Da ka ga ruwa ya ƙaru, ka danna jan nan." Da hantsi Tabawa ta dawo daga rijiya ta juye tulu a randa. Nomau ya leƙa, ya leƙa, ya danna. Sai ga mota da kwale-kwale a bayanta, ga ƙarti da jajayen riguna har tsakar gida. Suka ce, "Ina ruwan?" Ya buɗe musu randa. Iya Gaje ta ɗaga murya daga ɗaki: "Ku ba baƙi su sha, sun zo daga nesa ganin wauta!"

Babban nasu ya kumbura kamar alkubus. Ya ce, "Kada ka kuskura ka ƙara taɓa ta sai ka ga ruwa ya ɗauki gado!" Nomau ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Wata rana, ana shirin azahar, gulbi ya ɓalle. Muka kwashi yara muka yi hanyar tudun makaranta, Tabawa tana jan rigar Nomau: "Goya Iya mu tafi!" Ya ce, "Gado bai tashi ba." Ya cusa waya a hula, ya tsuguna yana kallon ƙafar gado. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Iya Gaje tana cewa, "Da na san haka za ka zama, da kabewa na haifa, ko miya a yi!" Shi kuwa, "Haƙuri, Iya, saura kaɗan."

Mu masu wayo fa? Kwalbatin hanya ya karye, ruwa ya share mu ya tara a gindin tsamiyoyin fadama. Ni da girmana ina rungume da reshe kamar biri. Wayoyin mazan duk sun sha ruwa sun mutu. Babu wanda ya san inda muke sai Allah.

Can katangar Nomau ta zube, gadon tukurwa ya tashi. Sai a lokacin ya danna, ya kama ƙafar gado. Ruwa kuwa hanyarsa ɗaya ce, inda ya kai mu nan ya kawo su. Sai ga Iya Gaje zaune a gado kamar amarya, tana zagi. A bayanta ga kwale-kwale, yana bin ɗigon wayar a taswira. Neman mutum biyu suka fito, suka tarar da rabin gari a bishiya.

Babban nasu ya rungume Nomau yana sa masa albarka. Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, gado ya tsaya. In sake dannawa?" Iya Gaje ta ce, "Danna kanka a ruwa! Ku fara ɗaukata, zanina ya jiƙe."

Dariyar me kuke yi? Ni kuke wa dariya a reshe? Ku tashi ku ba ni wuri. Hansatu, kwanon nan kafin ki kwanta. Sauran kowa ya nemi tabarmarsa, kuma in na ga hasken waya a ƙarƙashin mayafi, cikin randa zan jefa ta.