Yadda Guɗa Ta Cinye Waƙar Inna Delu

Wani mutum ne a Sabon Garin Gusau, ana ce masa Injiniya Sallau. Ba wata makaranta ce ta ba shi injiniyancin ba. Shi ya ba kansa, da yake kuma ba wanda ya zo karɓa, sai sunan ya zauna. Sana'arsa ta gaskiya tura wa mutane waƙoƙi a waya a bakin kasuwa. Amma in ka zauna da shi minti biyar za ka ji cewa shi da kwamfuta tare suka tashi, akwai Turawan da ba sa karyawa da safe sai sun ji shawararsa, kuma ƙasashe uku sun roƙe shi ya koma can, ya ƙi, don ba su iya miyar kuka ba. Kullum da jakar kwamfuta a kafaɗarsa. Waɗanda suka taɓa leƙa cikinta sun ce caja ce guda biyu da ragowar ƙosai.

Wurin hirarsa shi ne situdiyon Malam Ilu, wani ɗan ɗaki a bayan tasha da aka manne bangonsa da soso. Malam Ilu mutum ne mai sanyin hali. Makirfo ɗaya gare shi mai kyau, da kwamfuta ɗaya da ta ga shekaru. A ɗakin nan yakan naɗi tallan maganin basir da wa'azin walima, ya ci abincinsa cikin rufin asiri.

Sai ga babban aiki ya faɗo masa. Inna Delu mai amada, wadda ta shekara hamsin tana kiɗan ƙwarya a bukukuwan mata ba ta taɓa yarda an naɗi muryarta ba, ta sami kujerar Makka. Ta ce in ta dawo, ita da ƙwarya har abada. 'Ya'yanta suka yi ta roƙo har ta yarda a ɗauke ta sau ɗaya don jikoki. Ta kafa sharaɗi: ranar Asabar da hantsi, zama ɗaya, kuma ita ba ta maimaita waƙa, ko ga wa. Jirginsu Litinin zai tashi.

Malam Ilu ya yi murna, sannan ya shiga tunani. Muryar Inna ta tsufa, a ƙasa-ƙasa take fita. In ya ɗaga ƙarfin sautin da ke shiga kwamfuta don ya kamo ta, da an doki ƙwarya ko an rangaɗa guɗa, sai ma'aunin ya haye ja, sautin ya farfashe kamar ana yaga buhu. In ya rage, a ji ƙwarya raɗau, a rasa Inna.

Ranar Alhamis ya kai kukansa wurin yayarsa Uwani, wadda ke koyar da ilimin kwamfuta a wata kwaleji. Ta zo situdiyon ta duba. Ta ce abu ne mai yiwuwa: za a rubuta wa manhajar naɗin ɗan umarni, ya riƙa sauraron abin da ke shigowa, in ƙara ta yi yawa ya rage, in ta lafa ya mayar. Amma tana son kwana uku, don ita ba ta sakin abin da ba ta gwada ba.

Sallau na gefe yana ɓarar gyaɗa. Ya yi wata dariya ta tausayi.

"Kwana uku, Malama? Da girmanki. Wannan ai kafin shayi ya huce na gama shi."

Uwani ta dube shi ta saman tabarau, ta ce Allah Ya ba da sa'a, ta ɗauki jakarta.

Malam Ilu bai so ba. Amma daga Alhamis zuwa Asabar kwana biyu ne, ko ta ina aka ƙirga. Dole ya bar wa Sallau aikin.

Shayin Sallau bai huce ba sai bayan Juma'a. Ya zo da ɗan filas na kwamfuta a hannu, yana tafiya kamar ya ɗauko makullin gari. Ya zura, ya yi 'yan danne-danne, ƙwas-ƙwas-ƙwas, sannan ya matsa ya daka wa makirfo tsawa. Ma'auni ya haye ja, sai ga shi ya sauko da kansa. Gaskiya abin ya burge. Malam Ilu ya tambaya a hankali ko in an yi shiru zai koma sama. Sallau ya ce irin wannan tambayar ce ke hana ƙasar nan ci gaba, ya kashe kwamfutar, ya ce a ba shi ruwa mai sanyi.

Asabar da hantsi Inna Delu ta iso da 'yan amshinta shida, da ƙorai, da bahon ruwa. Cikinsu akwai Kande mai guɗa, wadda aka ce in ta toshe hanci ta saki murya, kajin unguwa uku sukan nemi mafaka. Uwani ma ta zo, wai gaishe da Inna, ta sami kujera a lungu ta zauna.

Sallau ya sha babbar riga. Ya hau kujerar Malam Ilu, ya juya allon kwamfuta ya fuskanci bango don kada a sace masa sirrin aiki, ya karɓe abin saurare na kunne ya rataya a wuya, inda ya fi yi masa kyau. Ya ce yau ba mai taɓa komai, na'ura ce za ta yi tunani. Kafin a fara kuma ya durƙusa gaban Inna, ya raɗa mata cewa in ba damuwa, a ɗan jefa sunan Injiniya a waƙar, tunda tarihi ake kafawa.

Aka doki ƙwarya. Dum, dum, ƙwal. Inna ta ɗauko waƙa tun daga matan da suka koya mata kiɗa, ta bi zuriya gida-gida, da wanda ya mutu da wanda aka haifa. Malam Ilu na tsaye a bakin ƙofa yana saurare. Wannan, in ji shi a ransa, shi ne aikin da za a tuna da shi.

Can sai Inna ta jefa sunan Injiniya Sallau. Kande ta saki guɗa, ayyururui, har soson bango ya girgiza. Sallau ya lumshe ido. Abin ya yi masa daɗi fiye da kima. Daga nan ko an ambace shi ko ba a ambace shi ba, sai ya ɗaga wa Kande yatsa, ita kuwa ba ta san rowa ba. Malam Ilu ya ƙirga guɗa goma sha tara.

Awa guda da rabi aka yi. Inna ta ajiye ludayi, ta share gumi, ta ce a sa ta ji.

Sallau ya juyo da allo, ya ce kowa ya riƙe numfashinsa. Ya danna.

Farkon ya fito tangaram, muryar Inna kamar tana zaune a cikin lasifika. Mata suka fara gyaɗa kai. Guɗar farko ta wuce, sai Inna ta koma kamar tana tsakar gida. Ta biyu, tana gidan maƙwabta. Ta huɗu, ta ƙetare titi. Ta shida, ta shiga mota ta nufi Kwatarkwashi. Daga ta bakwai sai suuu, kamar iska a ramin makulli. Aka bar shi yana tafiya, kowa na kallon lasifikar. Minti goma sha ɗaya na waƙa, sauran duk tsit.

Sallau ya ce wutar janareta ce. Aka nuna masa cewa ba a tada janareta ba. Ya ce to makirfon ne. Ya ce kuma, a gaskiya, guɗar Kande ba ta cikin tsarin da duniya ta amince da shi. Kande ta fara naɗe hannun riga.

Nan Uwani ta taso daga lungu. Ta ce ɗan matsa, Injiniya. Ta buɗe abin da ya rubuta, ta karanta, ta kwafi layi ɗaya ta nema a intanet. Nan take ya fito, harafi bai canza ba, a wani dandali inda masu rubuta manhaja ke kai matsalolinsu. Ta fassara wa ɗakin kan maganar da Hausa, a natse, kamar mai karanta sanarwa:

"Don Allah a taimake ni. Abin da na rubuta yana rage sauti duk lokacin da aka yi ƙara, amma ba ya mayarwa, har sai komai ya mutu. Ina kuskurena?"

Ta ɗan gangara ƙasa. Ga amsar nan, layi huɗu, wani bawan Allah ya bayar tun shekara takwas da suka wuce.

"Tambayar ka kwaso," in ji ta. "Amsar tana ƙasa."

Sallau ya leƙa, ya share goshi da bakin riga. Ya ce ai ya ga ta ƙasan, amma ta saman ta fi tsawo.

Ba wanda ya yi dariya tukuna, don duk ido ya koma kan Inna. Malam Ilu ya durƙusa. Ya ce Inna a yi haƙuri, laifinsa ne, ko rabi ne a sake.

"Ɗan nan, na gaya maka ba na maimaita waƙa. Wadda ta fita ta fita."

Ta miƙa hannu a ba ta mayafinta. Sai ta tsaya, ta juya ta ƙare wa Sallau kallo, daga hula har takalmi.

"Amma sabuwa ba maimaici ba ce. Uwani, 'yar nan, abin naku zai gyaru?"

Uwani ta ƙara layi huɗun nan, ta sa Kande ta gwada sau uku. Ma'auni ya sauka, ya hau, ya sauka, ya hau. Sallau ya ce bari ya je ya dawo, akwai Turawan da ke jiransa. Kande ta jawo bahon ruwa ta tare ƙofa, ta zauna a gefensa.

Aka doki ƙwarya. Inna ta buɗe murya:

"Sallau na Turawa, mai jakar ƙosai,
An aike ka magani, ka ɗauko ciwon,
Don ka ga ya fi tsawo."

Mata suka amsa. Minti arba'in ta yi a kansa, ba ta maimaita baiti ba. Ta bi jakar, ta bi rigar, ta bi ƙasashe ukun nan ɗaya bayan ɗaya. A tsakiya ta sako matan da suka koya mata kiɗa da zuriyarta duka, wai don su zo su ga abin da idonta ya gani. Jikoki dai sun sami abinsu, Malam Ilu kuma ya sami aikin da ake tunawa da shi.

Naɗin ya fito fes. Har wurin da Sallau ke cewa a hankali, "Inna, don Allah ya isa," ana jinsa sarai, don na'urar ta ga an yi ƙasa da murya, ta ɗaga masa.

Yanzu a bakin kasuwa ba waƙar da ake nema kamarta. Mai tura waƙa kuwa a layin nan mutum ɗaya ne. Sai ka je ka miƙa masa waya, ya tambaye ka wacce, ba ya ɗaga kai. Ka ce, "Taka, Injiniya."