Maƙogwaron Sarkin Awo

A Kurmin Dargaza Sarki Kura ne ke mulki, Dila kuma wazirinsa. Wata shekara majalisa ta lura ƙananan ƙwai na fitar da 'yan tsaki marasa ƙwari, abin kunya ga ƙasa, sai ta kafa doka: kaza ba za ta kwanta kan ƙwai ba sai an tabbatar babba ne. Don tausayi kuma aka ƙara da cewa duk wanda ya fasa ƙwai wajen awo, a bakin ransa.

To yaya za a gane girman ƙwai? Kumurci ya ba da maƙogwaronsa saboda kishin ƙasa. Ƙwan da ya wuce ƙarami ne, wanda ya ƙi shiga shi ne babba. Aka naɗa shi Sarkin Awo. Tun ranar ba a taɓa samun babban ƙwai a ƙasar ba, ba kuma wanda ya taɓa ganin an fasa ko ɗaya. Can cikin wuyansa yake murƙushe su, ya tofar da ɓawon a bayan gari.

Tabawa, wata tsohuwar kaza wake-wake, ƙwai goma sha ɗaya ta miƙa. Na sha biyu, wanda ta san shi ne autanta, ta ɓoye a gindin gamba, ga shi an ce jibi za a bincike kowane akurki. Ta tsani Kumurci, tsanar da ta hana ta ko tsattsagar tsaba.

Ta sauka rafi, ta zaɓi farin dutse sumul, ta yini tana mirgino shi da baki. Ta kwanta a kansa har ya ɗumama, sannan ta tura shi gaban majalisa.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "baiwarka ta yi ƙwan da ba a taɓa yin irinsa ba. A auna shi a idon jama'a."

Dila ya miƙe. "Ku shaida adalcin Sarki, ko kaza tana da bakin magana a nan. Sarkin Awo, bismilla."

Kumurci ya ji ɗumin abin, yawunsa ya tsinke. Ya wage baki, ya yi ta fama har ya zura shi. Ya matse wuya kamar yadda ya saba. Shiru. Ya sake matsewa, idanunsa suka firfito. Abin ya ƙi gaba, ya ƙi baya.

"Ku fasa shi," ya ce da ƙyar. "Ku taimake ni."

Biri ya ɗauko sanda. Tabawa ta sha gabansa.

"Allah ya ba Waziri nasara, a tuna mana doka. Wanda ya fasa ƙwai wajen awo, mene ne hukuncinsa?"

Dila ya sunkuyar da kai, Biri ya ajiye sanda a hankali. Tabawa ta tsaya daf da Kumurci, tana kallonsa da ido ɗaya, ta juya ta kalle shi da ɗayan, har jelarsa ta daina motsi. Ko kaɗan ba ta ji tausayinsa ba.

Majalisa ta yi makoki, washegari ta naɗa Guza, wanda bakinsa ya fi faɗi. Da hantsi ya fito bincike. Hanyarsa ta bi ta bakin rafi, ya tarar da kajin ƙasar kaf a jere, kowacce tana mirgina farin dutse. Suka gaishe shi da ladabi.

A akurkin Tabawa ya fara. Ta fito da autanta daga maɓoya, ta tura masa shi, ɗan ƙarami kamar na kurciya.

"Ga shi, Sarkin Awo. A auna."

Guza ya daɗe yana dubansa daga nesa, ya haɗiye yawu.

"Iya, wannan ai ko da ido ma babba ne."