Rasuwar Ɗamarar Raigoro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙyamar da har yanzu ba ta bar shi ba, Terao Kuniyoshi, mai gyaran kekuna a birnin Sakai, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar ɗamararsa ta wasan yara, ta jarumin talabijin Raigoro. Rai ya yi halinsa ranar Lahadi da yamma, a zauren taron unguwa, a gaban magidanta goma sha bakwai waɗanda babu ko ɗaya da ya ajiye kofin shayinsa. Ta bar duniya tana da shekara arba'in da shida.

Marigayiya ta shigo rayuwarsa yana ɗan shekara tara. Shi da abokinsa Hatanaka Shigeo suka tsinci takardar gasa a kasuwar unguwa, aka juya akwatin ƙuri'a, ɗamarar ta fito musu. Suka yi alkawarin mako ɗaya a hannun wannan, mako ɗaya a hannun wancan. A shekara ta biyu wani makon Terao ya ɗan yi tsawo. Ba wannan ne ya tara mu ba.

Ta kasance mai haƙuri da wadatar zuci. Batir biyu ke isar ta shekara. Ba ta taɓa ƙorafi ba lokacin da ƙugun maigidanta ya fi ƙarfinta aka yi mata ƙari da robar tayar keke. Duk wanda ya danna jan maɓallinta, fitilarta za ta juya, ta yi “gyuuun, gyuuun”, sannan ta faɗi kalmar da Raigoro ke faɗa kowace safiyar Lahadi a talabijin kafin ya tunkari dodo: “Ba ni kaɗai ba ne!” Ta faɗe ta ranar ɗaurin auren Terao. Ta faɗe ta a asibiti, a kunnen matarsa Sumie, kwana biyu kafin ita ma ta tafi.

Ciwon ajalinta ya soma ne da sanarwar kamfanin da ke shirya wasan Raigoro, wai daga baɗi babu sauran mutum da zai fito a jarumin cikin rigar roba. Na'ura ce za ta zana Raigoro, har da sabon suna mai sauƙi a bakin 'yan ƙasashen waje. Tir! Ƙungiyar masoya ta rabu biyu. Ɓangaren Terao suka ce gara a rufe wasan da mutuncinsa. Ɓangaren Hatanaka suka ce a bar shi ya rayu ko ta yaya, tunda jikoki na kallo. Ranar Lahadin a zauren taron, awa uku ana abu ɗaya. Mutane masu furfura da maganin hawan jini a aljihu suna nuna wa juna yatsa, garin biskit ɗin shinkafa na tashi daga bakinsu. An kira wani maci amana. An kira wani kayan tarihi.

Sai Terao ya kwance marigayiya, ya ɗaga ta sama don ta zama hujja.

“Wannan ce Raigoro, ba zanen na'urarku ba!”

Hatanaka ya miƙe, ya kama ɗaya bakin.

“Kai Kuni, kana da bakin maganar amana? Makona ne tun muna aji biyar. Sakar min kayana, tsohon ɓarawo!”

Terao yana so a sani cewa shi bai ja ba, riƙewa kawai ya yi. Shaidu sun ce riƙon ya kai shi har jikin bango. Aka ji ƙas. Fitilar ta juya rabi, muryar ta sarƙe: “…ni kaɗai… ni kaɗai…” Daga nan shiru.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, kafin ya gama tsince ɓaraguzan, an koma gardama. Wani ma cewa ya yi a matsa da gawar, tana tare masa farantin biskit. Waɗannan su ne masu ce wa duniya suna kare gadon Raigoro.

Ta rasu ta bar kwalinta na asali, da takardar bayani wadda shafi na uku ya yage, da batir biyu masu sauran rai, da ƙusar bangon shago da ta rataya a kai shekara talatin. Ta kuma bar magada biyu da ba sa gaisawa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a haikalin bayan tasha inda ake sallamar 'yan tsana da kayan wasa ta hanyar ƙona su. Ba a son furanni. Ba a son ra'ayi. Duk wanda ya furta kalmar “makomar wasan” a harabar, da tsintsiya za a raka shi waje.

Saura matsala ɗaya. Mai kula da haikalin ya ce ba ya sallamar rabin gawa, kuma ɓangaren da ke da jan maɓallin yana aljihun Hatanaka tun ranar Lahadi. Ana roƙonsa ya kawo shi. Ba a neman ya ba da haƙuri, shi ma kada ya jira a ba shi. Sai dai kada ya aiko ta gidan waya, kada ya ba jikansa. Ya zo da ƙafarsa. An ajiye masa matashin zama a sahun gaba, gefen na Terao, kuma shi zai riƙe marigayiya har zuwa gaban wuta, tunda makonsa ne.