Kokowar da Na Saurara a Zaman Makoki

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin nan ta Kona ba, ko da kuwa na so in manta. Damina biyu ta wuce, amma in na tuna sai in ji zufa ta keto mini, ni da furfurata a gemu.

Bari in fara daga kunnuwa, don su ne mafarin abin. Jina ya daɗe da raguwa, ni kuwa ina ta gardama. A biro, wato ofis, in aka yi mini magana sai in ce mutanen yanzu ba su buɗe baki, a gida in ce rediyo ce ta tsufa. Isuhu ne ya gaji da ni. Abokina ne tun muna ƴan makaranta a lakkwal, benci ɗaya muka zauna, shi ya koma Kona yana noma da kiwon tumaki, ni na maƙale a Tasawa ina buga hatimi a takardu. Wata ranar kasuwa ya dube ni ido cikin ido ya ce na kurumce, in daina wahalar da bayin Allah. Na yi sati guda ina fushi da shi. A sati na biyu shi ne ya raka ni Maradi, ya zauna yana jirana tun hantsi har azahar, har aka maƙala mini na'urar ji, ƴan abubuwa biyu kamar ƙwallon dabino a bayan kunne.

Na'ura ta yi kyau, sai dai ita da tarho ba su shiri. Na biro, wanda ke kan tebur, in na kara shi a kunne sai ta saki wani fito mai tsini, har sakatariyarmu ta leƙo ta ga ko wani abu ne ya ƙone. Ƴar salular uwargida mai maɓalli ma haka. Da ƙyar na gane cewa sai na ɗaga kan tarhon sama kaɗan, saitin bayan kunne, in riƙe shi a karkace kamar mai yi wa kansa aski. Da na koma Maradi na kai kuka, matar da ke kula da na'urorin ta haɗa mini ita da salulata ta bulutut, magana ta riƙa zubowa cikin kaina kai tsaye, ba wanda ke ji sai ni. Ta gargaɗe ni cewa in salula tana magana a kunnena, muryar na kusa da ni za ta yi ƙasa sosai. Na ce na ji (kuma a lokacin ina ji rangadaɗau, ba ni da wani uzuri).

To, daga nan shaiɗan ya samu ƙofa. Na gano cewa rediyon salula ma ta wannan hanyar take bi. In reniyo, wato taron aiki, ya yi tsawo a biro sai in sa hannu a aljihu in danna, in sunkuyar da kai, ina kaɗa shi jefi-jefi. Har shugabanmu ya taɓa yaba natsuwata a gaban matasan ma'aikata, ya ce su yi koyi da ni. Allah ya yafe mini, a ranar waƙa nake sha.

Sai Baraka ta rasu, matar Isuhu. Shekara talatin da ƴan kai suna tare. Ita ce ke dama mini fura duk ranar da na je, tana tsokanata da kurman Tasawa tun kafin in yarda ni kurma ne. Na je jana'iza, na koma ranar addu'ar uku. Aka yi rashin sa'a lokacin kokowa ne, kuma a ranar ɗan jiharmu zai yi karon da kowa ke jira, bayan la'asar. Ni da kokowa kuwa, sai dai a yi mini addu'a.

Muna zaune a tabarmi ƙofar gida, ni a gefen Isuhu, gwiwata tana gugar tasa. Jama'a na zuwa suna yi masa ya haƙuri suna tashi. Na ce wa kaina minti ɗaya kawai, in ji ko an shiga fili in kashe. Na zura hannu ƙarƙashin babbar riga na danna, ganguna suka cika mini kai.

Da mutane suka ɗan tsagaita, sai Isuhu ya karkato wajena yana magana ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana yi. Ina ganin leɓɓansa suna motsi, idanunsa jajir, ni kuwa ina kaɗa kai irin na reniyo, har na ce masa haka ne sau biyu. Sannan liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, ni ma na ɗaga. Daidai nan ɗan jiharmu ya cicciɓi abokin karonsa.

"Ya kada shi! Wallahi ya kada shi!"

Ni ne na faɗa, da muryar kurma, wadda ba ta san ƙasa-ƙasa ba. Kuma hannayen da na ɗaga don addu'a, da su na tafa.

Kowa ya juyo yana kallona. Wani dattijo, Allah ya saka masa, ya so ya rufa mini asiri, ya ce zafin rashi ne, wani haka yake fito masa. Da na bar shi a haka da na tsira da rabin mutunci. Amma sai na zaro salula don in kashe, na danna inda ba shi ba, bulutut ya katse, rediyo ta fashe a fili: ga ganga, ga guɗa, ga mai sharhi yana ihu kamar zai fito daga ciki. Liman bai sauke hannunsa ba. Ya jira ni har na samu na kashe, sannan ya ƙarasa addu'ar. Isuhu ko kallona bai yi ba. Kafin magariba na sulale na hau moto, ko sallama ban iya yi ba.

Sai bayan arba'in na samu ƙarfin komawa, na bar salular a gida. Na tarar da shi yana zuba wa tumaki harawa. Na durƙusa, ni da tsarana, na ba shi haƙuri. Ya ce in tashi, ya yafe, ai da Baraka na raye da ta yi dariya har hawaye, ta kuma yi shekara tana ba da labarin. Har na fara jin sanyi, sai ya ajiye harawar.

"Ihun bai dame ni ba, aboki," ya ce. "Amma kafin ihun na faɗa maka wata magana da ban faɗa wa kowa ba, ko ɗiyana. Ka kaɗa kai ka ce haka ne. Na ce a raina to, ga wanda ya ɗauke mini rabin kayan."

Na roƙe shi ya sake faɗa mini, na ce yau kunnuwana biyu nasa ne. Ya girgiza kai.

"A ranar ce kaɗai ta iya fitowa. Yanzu ta koma."

Muna nan dai da shi. Ranar kasuwa yakan biyo ta wajena mu sha shayi, mu yi hirar damina da ciwon tumaki, mu tsaya a nan. Wannan abu yana cina, ba zan ɓoye ba. Yanzu duk inda zan zauna da mutum sai in kashe salula in ajiye ta a tabarma inda zai gan ta, har wasu na cewa yanga nake da ita. Su faɗa. Abin da na koya shi ne, in ba ka saurare ka bar kanka a tsaye, kada ka kaɗa shi, don akwai mai ɗaukar kaɗawar da gaske. Ɗan kokowar namu ma washegari aka kada shi. Maganar Isuhu kuwa, har yau ban san ko mece ce ba.