Ranar Da Na Miƙa Hancina A Madadin Salansa

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar ba, jim kaɗan bayan an sassauta kullen korona a nan Kuala Lumpur. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta kama ni, gemuna fari fat.

Ɗana Sadiku a nan ya girma. In ka yi masa Hausa sai ya amsa da Turanci, in ransa ya ɓaci ya koma Malay. Lokacin kulle muka zauna wata da watanni a gidanmu na Taman Melati, ni da shi da mahaifiyarsa, sai na lura yaron nan bakinsa ba ya wuce "to, Baba". Laifina ne. Makarantar da ya so na hana, abokan da ya zaɓa na kore, ko rigar sallarsa ni nake zaɓa, yana da shekara ashirin da biyu. Mahaifiyarsa ta ce min a kicin, "Alhaji, yana neman ɗaki a waje. Da an buɗe gari zai tafi."

Abu ɗaya na san yana so, hawan babur ɗin daji, irin mai dogayen ƙafafu da ake tsallake taɓo da shi. Sai na ce zan saya masa, kuma tare za mu je. Ya ɗago ya kalle ni, rabon da ya yi haka har na manta.

Ya yi sati biyu yana bincike. Ya ce filin da ake hawan, cikin wata gonar manja a bayan gari, sai an gwada hayaƙin babur a bakin ƙofa. Wanda ya ci gwajin a manna masa koriyar sitika, ya shiga kowane lokaci. Wanda ya faɗi a ba shi ja, shi kuma ba ya shiga sai wasu 'yan watanni da ba a hazo. Ya nuna min wanda ya zaɓa a waya.

Ni kuwa na yi acaɓa a Kano shekara tara (abin da ba na bari a manta ke nan a gidana). A zamaninmu, mashin da ba ya hayaƙi ba shi da ƙarfi. Ban gaya masa ba na tafi wani shago a unguwar Sentul, na sayo na hannu, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Da na buga kik ya yi ƙara sai na ji kamar ina ɗan shekara talatin. Sadiku ya zagaya shi sau ɗaya ya ce, "To, Baba."

Da safen nan, kafin a ɗora shi a mota, na ƙara masa baƙin mai da yawa don inji ya yi laushi.

Mun tarar da layi a ƙofar filin, matasa kusan ashirin da hular kwano. Wani dattijo Bamalaye sanye da takunkumi da safar hannu ya nufo ni, riƙe da wani dogon tsinke na ƙarfe mai waya a gindi. Ya ce, "Tes, pakcik," wato kawu da yarensu.

To ku yi min adalci. Shekara biyu duk inda na je, in an ce "tes", gwajin korona ne, hancina ake nufi. Na sauke takunkumina, na ɗaga kai sama, na rufe ido. Na ɗan leƙa tsinken, tsawonsa ya kai kamu ɗaya, na ce da Hausa, "Sadiku, ce masa ya bi a hankali, ɓangaren hagu ya fi buɗewa." Na fara salati.

Sai na ji muryar Sadiku tana rawa: "Baba... salansa. Na salansa ne."

Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Dattijon ya riƙe ciki don dariya, yana cewa, "Tak boleh lah, pakcik, tak boleh!", wato ba zai yiwu ba. Don in rufe kunyata na haye babur na buga kik da ƙarfi. Hayaƙi ya tashi shuɗi, ya rufe mu har ban ga ɗana ba. Matasan da suka cire takunkumi saboda suna fili duk suka mayar. Dattijon ko tsinken bai saka ba, ya manna jar sitika yana tari.

Da hayaƙin ya washe na nemi Sadiku, na ɗauka ya tafi. Yana zaune a ƙasa, hawaye na zuba, yana dariyar da ban ji ba tun yana firamare.

A mamak, wato shagon shayi da abinci, muka tsaya a hanyar gida. Na ce, "Na yi kuskure. Ba na yau kaɗai ba." Ya daɗe yana juya shayinsa, sannan ya ce da Hausarsa mai gargada, "Baba, mu mayar da babur ɗin. Ni zan yi maganar." Na yi shiru a shagon Sentul tun daga shiga har fita, abin da mahaifiyarsa ta ce sai ta ga shaida kafin ta yarda.

Wanda ya zaɓa tun farko muka sayo. Koriyar sitika ce a babur ɗin yanzu, ɗakin waje kuma bai sake tada maganarsa ba. Duk Asabar ina zaune a inuwa da filas ina kallonsa yana cin taɓo. Dattijon ƙofa in ya hango ni sai ya ɗaga tsinken ya nuna hancinsa.

Na koyi cewa in an ce "tes", in fara tambayar ɗana na wa ake nufi.