Usur Biyu a Gari Ɗaya

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da ranar da na kashe 'yan rawata tun kafin lokacinsu ya yi ba.

Shekarun saba'in ne, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba. Na dawo Kafanchan daga karatu a Zariya, kaina cike da iska, na kafa ƙungiyar rawar zamani, na naɗa kaina darakta (babu wanda ya nemi kujerar, shi ya sa na ci). Abu na farko da na yi, na ƙwace ragama daga hannun makaɗi. A wajenmu ganga ce ke gaya wa mai rawa ya juya ko ya tsaya. Ni na ce wannan tsohon yayi ne, na sayo usur. Wasan namu kan yaƙi ne, don haka na kafa doka: doguwar busa ta farko, kowa ya zube kamar gawa, ta biyu, a tashi, a rusuna, a fita. Na yi ta horar da su har suka daina tunani.

Babana manomin citta ne a Kwoi, kuma dattijon coci. Bai taɓa yarda rawa sana'a ce ba, bai kuma taɓa ganina ina yi ba. Na yi shekaru ina roƙonsa. A wannan karon ya hau babbar mota ya zo, da tarinsa da komai, ya zauna a sahun gaba da kwat ɗin Lahadi.

A filin ma'aikatan reluwe muka yi, jikin tasha. Muna farawa na fito gaba, na ba yarana baya, na lumshe ido ina ta karkaɗa jiki. Ashe a daidai nan ma'aikacin tasha ya busa usur ɗinsa na sallamar jirgin Jos. Ni na saba da shi, ban ma ji ba. Su kuwa suka zube.

Na ci gaba da tsalle ni kaɗai, ina jin dariya ina ɗauka sha'awa ce. Da na waiwaya, sai gawarwaki. Na yi raɗa, na yi harara, har na ɗan shuri ɗaya, ko motsi. A ruɗe na kai usur baki don in tashe su. Suka tashi kuwa, suka rusuna cikin ladabi, suka fice suka bar ni.

Na so ƙasa ta tsage. Jama'a na riƙe ciki, mutum ɗaya ne ya miƙe yana tafi da gaske, shi ne babana. Da na je gaishe shi ya kama hannuna ya ce, "Rawa ɗin ya yi kyau, yarona. Amma ya yi gajere. Wani lokaci zan zo in ga mai tsawo."

Bai zo ba. Kafin a haƙa cittar shekarar muka binne shi. Na shirya wasanni masu tsawo bayan nan, har Kaduna da Legas, amma wancan gajeren kaɗai ya gani, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Na dai mayar wa makaɗi aikinsa. Duk mai son ya yi mulki da usur, ya fara tabbatarwa shi kaɗai ke da shi a garin.